Jan Babur da Baƙin Babur a Hanyar Jiratawa

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan babur ɗaya. Aikina a lokacin kula da lafiyar dabbobi ne, ina bin ƙauyuka da rugage ina yi wa shanu da awaki allurar rigakafi, kuma yawancin inda nake zuwa ba kwalta, sai rairayi da sawun amalanke. Babur ɗin dogo ne, mai ƙaton tanki da akwatunan ƙarfe biyu a gefe. Daga hannun wani Bature matafiyi na saye shi, wanda ya ratso ƙasashe da shi, ya iso Maradi a gajiye, ya ce tafiyar ta ishe shi haka. Maƙwabtana a unguwar Zariya suka sa masa suna Raƙumi, don in na hau, da ƙyar yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa. Bai taɓa barina a daji ba. Na ƙetare gulbi da shi ruwa na kai wa gwiwa, na ɗauko ɗan maraƙi marar lafiya a bayansa, na yi sallar la'asar a inuwarsa a inda babu itace ko ɗaya.

Da aka maido ni buro, wato ofis, a cikin gari, sai ni da shi muka fara saɓani. A daji nauyinsa taimako ne, amma a tsakanin 'yan kabu-kabu masu haya da babur da masu tura kura ya zame mini wahala. Wata ranar kasuwa a Sabon Gari na tsaya don wata tsohuwa ta wuce, ƙafata ta zame a kan ɓawon mangwaro, muka kwanta tare a gaban mai sayar da buhuna. Ban ji ciwo ba, amma sai da mutum uku suka kama mini kafin ya tashi, suna ta yi mini sannu kamar wanda mota ta buge.

Wannan shi ne dalilin son sauya babur da na riƙa faɗa wa mutane. Akwai wani da ban faɗa ba. Wata yamma ina zaune a ƙofar gida, wani babur ya wuce a kan babban titi. Ban ma gan shi sosai ba, ƙararsa na ji, siririya mai tsabta, tana hawa sama kamar ba za ta tsaya ba. Na daɗe da kofin shayi a hannu ban kurɓa ba. Ina da shekara arba'in da tara, da furfura a gemu, amma abin da na ji a ƙirjina na ɗan shekara ashirin ne.

Da na gaya wa matata irin babur ɗin da nake so, ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Malam, wancan da ake tuƙawa a kwance kamar mai neman allura a ƙasa? Shi kake so?"

Na ce mata dubawa kawai zan yi.

"To Allah shi kiyaye. Amma kada ka tahi kai ɗaya. Ka tahi da Baba."

Baba shi ne makaniken da ke duba mini Raƙumi tun ranar da na saye shi. Mutumin Tibiri ne, Kirista, ya haura shekara sittin, gajere mai faɗin kafaɗa. Garejinsa rumfa ce ta kwano a gindin dogon yaro. Manyan baburan garin nan kusan duk ta hannunsa suke bi, amma shi kansa wani tsohon keke yake hawa, mai kwando a gaba. Ba ya yawan magana. Da na gaya masa abin da ke raina, ya goge hannunsa da tsumma, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Likita, in ba ranar Lahadi da sahe ba, kowace rana ka zo mu je."

Muka je wurin wani dillali a Sabon Gari, wanda ke kawo babura na hannu daga bakin teku. A can ƙarshen shagon, bayan jerin ƙananan baburan da kowa ya sani, ya yaye wani tampol. Biyu ne a ƙarƙashi. Ɗaya ja ne wur, an rufe jikinsa duka da roba, hancinsa a tsuke, mariƙinsa can ƙasa kusa da tanki. Ɗayan baƙi ne, injinsa a fili, bututun hayaƙi huɗu sun fito daga gabansa sun lanƙwasa sun haɗe a ƙasa. Ni dai jan nake kallo. Na zagaya shi sau biyu kafin in iya taɓa shi.

Baba ya ce a tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro dogon turnabis na kwance kusa daga aljihu, ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, ya rufe ido. Ya matsar da shi nan, ya matsar can. Shagon ya yi tsit, har dillalin ya kashe rediyonsa ba tare da an ce masa ba. Na sha ganin Baba yana wannan, amma ban taɓa tsayawa na kalli fuskarsa ba sai ran nan. Kamar mai sauraren labari daga nesa, wani lokaci ya ɗaga gira, wani lokaci ya gyaɗa kai.

Da ya gama ya ce, "Baƙin nan ya daɗe a ajiye, amma wanda ya riƙe shi mai hankali ne. Jan ya sha gudu, ya taɓa faɗuwa ta hagu sau guda, an gyara shi da kyau."

Dillalin ya buɗe baki, ya duƙa ya duba gefen hagu, ya shafa, ya ɗago yana dariya.

"Wallahi Baba, ni da na kawo shi ban lura ba."

Na ce ni jan nake so. Baba bai yi mini gardama ba. Ya ce wa dillalin ya ba mu su duka biyu gobe da hantsi mu taka su zuwa Jiratawa. Dillalin ya ce in dai Baba ne, ko Zinder za mu kai su ba shi da damuwa.

Washegari na sa kaske, wato hular kwano, da takalma masu kauri. Na ɗauka dillalin ne zai tuƙa baƙin, Baba ya hau bayansa, sai na ga dattijon ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗaure tsohon kaskensa, ya haye shi kaɗai. Muka fita daga gari a hankali. Tun a nan na fara gane abin da na ɗauko. Raƙumi in ka murɗa masa wuta yakan yi kamar ya yi tunani tukuna, sannan ya tafi. Wannan kuwa kafin in gama niyya ya riga ya tafi. Gwiwoyina a naɗe, ƙirjina kusa da tanki, sai na ɗaga wuya kafin in ga gabana.

Lokacin rani ne, bayan gari duk ya bushe, gonakin gero sai kututture. Da muka wuce gidajen ƙarshe, hanya ta miƙe fayau, ba mota, ba jaki, ba kowa. Na yi bisimilla na murɗa.

Har yau ban sami kalmomin da suka dace da abin da ya faru ba. Ƙarar nan da na ji daga ƙofar gida, yanzu a cikin ƙasusuwana take. Itatuwan gefen hanya suka daina zama ɗaya ɗaya, suka zama bango. Hanyar da na sani mai faɗi ta tsuke ta koma kamar zare, kuma zaren yana shigowa ƙarƙashina da saurin da idona bai saba da shi ba. Iska ta danne mini kafaɗu. Na ƙara giya, ina tsammanin ƙarfin zai ragu, sai ya ƙaru. Ban kalli allurar gudu ba, ban iya ɗauke ido daga gabana ba. Abin da na tuna shi ne bakina yana ta faɗin subhanallahi a cikin kaske, ba don na yi niyya ba. Ban san mutum na iya ƙera abu irin wannan ba, kuma ban san akwai wannan wuri a cikin zuciyata da tsoro da murna ke zama tare ba. Duk abin bai fi a ƙirga ashirin ba. Na hango kwana a gaba, na rage wuta, na taɓa birki da yatsu biyu, babur ɗin ya tsaya mini cak har na kusa zamewa kan tanki.

Muka sauka a Jiratawa, a bakin wata magudanar ruwa ta siminti. Bayan busasshiyar ƙasar da muka ratso, koren wurin har yana ɗaukar ido: zogale jere jere, albasa, tattasai, alkama tana kaɗawa, ruwa na gudu a hankali tsakanin fangaloli. Na zauna a gefen magudanar na tsoma hannuwana a ruwa. Wuyana ya sage, wuyan hannuna na zafi, ƙuguna kamar an ɗaure da igiya.

Baba ya zauna kusa da ni. "Yaya ka ji shi?"

Na ce, "Baba, wannan ba babur ba ne."

"Moto ne, babur dai kamar kowane. Sai dai ba ya yafe kuskure." Ya miƙo hannu. "Ba ni makullin jan in ji wani abu."

Daga inda muke zaune ana ganin hanyar sosai, da kwanar nan da ta tsorata ni, doguwa mai lanƙwasa zuwa dama. Baba ya tafi can nesa har ya zama ɗigo, ya tsaya ya tabbata ba abin da ke tahowa, sannan ya juyo. Ƙarar ta riga shi isowa. Wasu manoma uku da ke ban ruwa suka miƙe tsaye da fartanya a hannu. Na zuba ido in ga inda zai rage gudu. Ya rage kaɗan kafin kwanar, sai na ga ya zame jikinsa gefe, babur ɗin ya kwanta, ya ƙara kwantawa, har na miƙe tsaye ina salati, don gwiwarsa saura kaɗan ta shafi kwalta. A haka ya zagaye kwanar duka, sumul, ba girgiza, ba gyara, sannan ya ɗago a hankali kamar tsuntsun da ya sha ruwa ya tashi. Mutumin da na sani shekara goma sha ɗaya a kan keke mai kwando.

Ɗaya daga cikin manoman, wani mai farin gemu, ya ce, "Kai! Wanga yaro ba shi son ransa."

Da Baba ya dawo ya cire kaske, manomin ya ga furfura fat, ya riƙe baki. Sauran suka fashe da dariya, suka zo suna gaishe shi da hannu biyu.

Na ce, "Baba, ina ka koyi wannan?"

Ya ce tun yana saurayi ya tafi ci-rani wata ƙasa ta bakin teku, ya yi shekara takwas a garejin da ake shirya baburan tsere. In an gama gyara, shi ake ba ya gwada. Mahaifinsa ya rasu, ya dawo Tibiri ya riƙe gida, shi ke nan.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ba ka taɓa tambaya ba, Likita. Kullum kana sauri, shanu na jiranka."

Ya miƙo mini makullin baƙin ya ce in koma gida da shi. Ina hawa na ji bambanci. Ƙafafuna biyu suka taka ƙasa sosai, bayana a miƙe, ina ganin hanya ba sai na wahalar da wuya ba. Da na murɗa, ƙarfin yana nan, wannan muryar mai hawa sama tana nan, amma yana zuwa ne daidai yadda na nema. Na shiga kwanar a hankali, babur ɗin ya bi ni ba musu. Kafin mu iso gari na riga na san wanda zan ɗauka, ko da yake da muka mayar da jan, sai da na tsaya na ga an rufe shi da tampol, raina yana ɗan sosuwa.

Raƙumi kuwa, abokin aikina da ya gaje ni a yawon ƙauyuka shi ya karɓe shi. Dogo ne, ƙafarsa na kai ƙasa ba wahala.

Baba ya sa mini sharaɗi guda, cewa duk ranar Asabar da hantsi za mu fita, shi a bayana, har sai ya yarda da hannuna. Wata uku muna haka. In na yi daidai ba ya cewa komai, in na yi kuskure sai ya ɗan buga mini kafaɗa. Ya hana ni gudun da na yi ran farko, ya ce hanyar mutane ce da dabbobinsu. Abin da ya fi nanata mini shi ne ido. Kada in kalli ramin da nake tsoro, in kalli inda nake so in fita.

Wata Asabar a farkon damina, an yi yayyafi da asuba kwalta ta bushe, ƙasa na ƙamshi, muka shiga kwanar Jiratawa. Na rage tun da wuri, na juya kaina na kafa ido a can ƙarshenta, na bar babur ɗin ya kwanta gwargwadon abin da ya nema. Na ji nauyin Baba ya bi nawa, mu biyu da ƙarfen muka zama abu guda, ƙasa ta karkato ta matso kusa da ni, koren gonaki ya juya a gefen idona, sannan komai ya miƙe. Na jira bugun kafaɗa, bai zo ba.

Da muka tsaya ya sauka, ya miƙe ƙugunsa, ya tafi wurin wata mata da ke tsinkar zogale ya sayo dami biyu. Ya ɗaura ɗaya a bayan babur ɗin ya ce in kai wa uwargida. Ya ce Asabar mai zuwa yana da aiki da yawa a gareji, in fito ni kaɗai.