Makunnin da Yaya Lawal Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Kujera

Da kakar waken bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Lawal Direba, wanda 'yan tashar Batsari suka fi sani da Lawal Mai Akori-kura. An saba in mutum zai tuna mamaci a jarida ya jero alheransa, ya rufe da addu'a. Addu'a kam zan yi masa, don ciki ɗaya muka fito, shi ya goye ni. Amma yau da fushi na zo, kuma ba zan ɓoye ba. Ina fushi da shi, ina fushi da masu yabon wayon da ya zama sanadinsa, har ɗansa na cikinsa yake neman bin sawu.

Ni sana'ata wayarin mota, abin da kuke kira rewaya. Motar Yaya tsohuwa ce, ta girmi 'ya'yansa duka, kuma ciwonta ba ɓoyayye ba ne: kan makullinta ya cinye. In an murɗa, fitilun gaban direba su kawo su ɗauke, sai an jijjiga makullin kafin wuta ta tsaya. Wani lokaci tana cikin tafiya, ta faɗa rami, ta mutu mus. Na yi magana har bakina ya gaji. Kawo ta gareji in sa sabon kan makulli, aikin da bai kai daga hantsi zuwa azahar ba. Sai ya yi mini wannan dariyar tasa ta raini, ya ce, "Kai Idi, mota ta san mai ita."

Ashe nufinsa daban. Ya rufe ƙofar gida, ya ɗauki filaya, ya yanke wayar da ke kai wuta daga makulli zuwa kwayil, mai ba fulogi wuta, ya ja ta zuwa wani wuri da shi kaɗai ya sani, ya sa mata makunni a can. Daga ranar, kowa ya murɗa makulli kik zai juya inji, amma mota ba za ta kama ba sai shi ya shiga, ya gyara babbar riga kamar mai sosa ƙafa. Matarsa Hassi ba ta san wurin ba. Ni da nake ƙaninsa, kuma wannan ce sana'ata, na tambaye shi, ya ce sirri in ya wuce mutum ɗaya ya zama na kasuwa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, wayon ya taɓa yi masa rana. Mutanen daji sun tare shi a hanyar Runka, suka sauke kowa, ɗayansu ya hau ya yi ta murɗa makulli har ya gaji. Suka lakaɗa masa duka, suka bar masa motarsa. Tun daga nan kansa ya kumbura. A tasha ana nuna shi da baki, ana cewa ga mutumin da ya fi ɓarayi wayo. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa: to ran da mai sirrin ya kasa magana fa?

Ranar ta zo a gonarsa ta bayan Wagini, ana loda buhunan wake da hantsi. Ya ɗaga buhu, ya sauke, ya faɗi. Hawan jini ne. Baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu, harshe ya yi nauyi, amma idonsa biyu, yana ganin kowa. Wurin ba sabis, balle a kira ni. Aka ɗora shi bayan mota a kan buhuna, wani maƙwabcin gona da ya iya tuƙi ya hau. Ya murɗa, ya murɗa, kik na kuka, har batir ya fara sanyi.

Sai aka koma ga abin da mutanenmu suka yi imani da shi kamar karatu: tsohuwar mota turi take so. Maza suka tuɓe riguna suka yi ta tura ta a burtali, a kai ta gangare, a saki kulochi, ta yi tari ta tsaya, a juyo da ita. Ba su san motar da aka yanke wa wutar kwayil ko an tura ta har Safana ba za ta tashi ba. Hassi, da abin ya faru a gabanta, ta ce mini duk wannan lokacin yana ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna gaba, yana gurnani, hawaye na zuba. Su suka ɗauka hanya yake nunawa, a yi sauri, sai suka ƙara ƙarfin turi. Sai da rana ta take tsaka wani ya tuna da babur. Aka sa shi a tsakanin mutum biyu. Bai ga gidajen farko na Batsari ba.

Kada wani ya tare ni da maganar ajali. Na yi imani da ajali fiye da mai son tuna mini. Amma malaman zaurenmu da suka karantar da mu ajali, su suka karantar da mu cewa dogaro ga Allah bai hana mutum ɗaure dabbarsa. Yaya ya ɗaure tasa, sai dai ya haɗiye bakin igiyar.

Bayan an share makoki aka jawo motar garejina. Na ɗauki fitilar gwaji, na bi ta yadda ake bin kowace mota da ta ƙi tashi. Batir na cika shi, wuta ta kai kan makulli, fiyus lafiya, kik na juyawa. Na zare wayar fulogi na kusantar da ita jikin inji, ko ƙyalli babu. Na taɓa kwayil, fitila ba ta kama ba. To, wuta ta ɓace tsakanin makulli da kwayil. Na bi wayar da yatsa. Bawan Allah ya naɗe ta da baƙin salatif, ya cusa ta cikin sauran wayoyi don ta saje, ya bi da ita ƙarƙashin tabarmar ƙafa. Ta kai ni ƙarƙashin kujerar direba. Can na same shi, ɗan makunnin fitilar ɗaki, irin na roba, an ɗaure shi da igiyar taya. Na danna, na murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Na kashe ta na zauna a ƙasa. Wanda ya yi ta murɗa makulli a gona, dunduniyarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga wurin ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga almajiransa sun cika tasha. Hanyoyi sun ƙara lalacewa, tsoro ya ƙaru, kowane mai tsohuwar mota ya zama rewayan kansa. Wannan ya ɓoye makunni a bayan rediyo, wancan ya cire fiyus ya naɗa wayar tagulla a gurbinsa, wani ya bar wayoyi biyu tsirara yana haɗa su da hannu, makullin kuwa ado ne. Suna kawo mini motoci da wayarin ya ƙone ƙurmus, in tambaya wa ya taɓa, a hau rantse-rantse. Kuma har gobe in an ambaci Lawal sai ka ji wani ya ce, "Allah Ya jiƙan mai wayo." Labarin hanyar Runka suke riƙe da shi. Na gonar Wagini ba mai son ji. Ni dai na san wanda ya kwanta a kan buhunan nan yana nuna kujerarsa, ba zai yi musu godiya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Nasiru, ɗansa na fari, wanda yanzu magidanci ne, shi ke jan motar tsakanin Wagini da Batsari. Tun wancan lokacin na sa mata sabon kan makulli, na mayar da kowace waya gidanta. Kwanan baya ya kawo ta fitila ɗaya ba ta kamawa. Ina ɗaga tabarmar ƙafa na ga sabon salatif.

"Nasiru, wa ka nuna wa wurin?"

"Baba, ai in an nuna ya tashi daga sirri."

Maganar ubansa sak, har da karkata kai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan gudun rami ya nufa. Na fincike wayar tun daga tushe, na haɗa ta daidai, na tuƙa motar da kaina har ƙofar gidansu, shi yana biye a babur yana huci. Na aika aka kira uwarsa. Na ce, "Matar Yaya, shigo ki zauna nan, ki murɗa wannan."

Hassi ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta zauna, ta murɗa. Mota ta tashi. Ta daɗe tana sauraron ƙarar injin, ba ta kalli kowa ba. Sannan ta juya ga ɗanta, wanda ba ta kama sunansa don ɗan fari ne.

"Kai, ni ma na tura motar nan ranar, da goyo a bayana. In tsoron ɓarayi kake, ɓoye abinka, amma ka nuna wa matarka, ka nuna wa babanka Idi, ka nuna mini. In ba haka ba, ka fara binne ni kafin ka binne wata waya."

Nasiru ya sunkuyar da kai. Ko ya ji, ko bai ji ba, ni dai duk ranar kasuwa sai na ɗaga tabarmar nan na duba.

Me ya rage na Yaya Lawal? Motarsa na nan, 'ya'yansa na nan, alherinsa ga fasinjan da ba shi da ko sisi yana nan a bakin mutane. Makunnin robar kuma yana rataye a ƙofar garejina, duk wanda ya zo neman in ɓoye masa waya sai ya ji labarinsa tukuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya, kai kuwa ka ɓoye har ga masu ɗaukar ka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka. Ni ma ina ƙoƙarin yafewa, shekara bakwai ke nan, ban gama ba.