Ɗan Mahauci da Masu Sarautar Ingila

Ilya ɗan Saley ya sauka Faransa a shekarar 2004 da akwati ɗaya da takardar shiga jami'ar Saint-Denis. Bai san sana'ar gidansu ta biyo shi ba. Ubansa mahauci ne a wani gari na ƙasar Maraɗi, kakansa ma haka, kuma kafin ya gane hanyoyin metro labarin ya gama zaga 'yan Nijar na Paris. Aka laƙaba masa Sarkin Fawa. Da wasa ake faɗi, shi ma da dariya yake amsawa. Amma duk ranar suna ko walima, da nama ya iso sai idanu su juyo kansa, wani ya miƙo masa wuƙa ko tambaya babu.

Tarihi ya karanta, kuma ba na Gobir ko Katsina ba, wanda da mutane sun gane. Ingila ya zaɓa, ta farkon ƙarni na goma sha shida. Ita kanta Madam Clarisse, malamar da ke duba aikinsa, sai da ta tambaye shi abin da ya haɗa ɗan Maraɗi da Turawan da suka mutu shekaru ɗari biyar. Ya ce mata ai ya san su tun yana yaro.

Bai yi ƙarya ba. A Ingilar wancan zamani akwai manyan masu sarauta, 'yan tsiraru, masu gadon suna da ƙasa. Ƙarƙashinsu akwai masu gonaki na karkara, waɗanda ba sa taɓa garma da hannunsu, wasu ke yi musu noma, su kuma su yi wa ƙauye shari'a. Sai sauran jama'a, manoma da masaƙa da maƙera da mahauta. Har doka aka yi kan tufar da kowa zai sa. Talaka ko ya tara dukiya ba ya sa karammiski, in ya haɗu da babba kuwa sai ya cire hula. Ranar da Ilya ya fara jin wannan a aji, ubansa ya gani yana tuɓe takalmi tun daga nesa in zai wuce ƙofar gidan sarauta. Sai kuma malamar ta ba da labarin ɗan wani mutum da aka ce mahauci ne, wanda ya yi karatu har ya zama babban wazirin sarki, amma masu sarauta ba su fasa kiransa karen mahauci ba. Daga ranar Ilya bai sake waiwayar wani fanni ba.

Karatun ya ci shekaru, ya ci takalma. Ya bi layin sabunta takardar zama a Bobigny har masu gadi suka san fuskarsa. Ya koyi karanta rubutun hannun tsofaffin Turawa, mai kama da sawun kaji a rairayi. Abin dariyar, aikin da ya ciyar da shi duk ƙarshen mako yankan nama ne a shagon wani Balarabe a Saint-Denis. Bai taɓa jin kunyar wuƙa ba, gaskiya. Abin da ke cin ransa shi ne mutanensa ba sa ganin komai a hannunsa sai ita.

Da ya auri Husainatu suka koma Lyon, ya samu koyarwa a wata makarantar Vénissieux, suka kama gida a benayen Minguettes. Ƙungiyar 'yan Nijar ta can tana da al'ada mai kyau: duk taro, wani mai ilimi ya tashi ya bayyana karatunsa da Hausa. Likita ya yi bayani kan ciwon suga, injiniya ya yi kan rijiyoyin burtsatse. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Kamalu, jikan gidan sarautar garinsu Ilya ne. Ba mugun mutum ba ne, yana da kyauta, yana da zumunci. Sai dai duk sa'ad da Ilya ya nemi a sa sunansa, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ingila kuma? Bon, za mu duba, Sarkin Fawa." Haka aka yi ta dubawa, shi kuwa yana kicin yana sarar ƙashi, yana jin tafi ta bango.

A kakar 2013 aka sa ranar da zai kare digirinsa na dakta a Paris, ya ɗauko ubansa daga Nijar. Tsoho Saley ya zauna a sahun gaba cikin babbar rigarsa, ya kafa wa ɗansa ido tun daga farko har aka tashi ana tafi. Ko kalma ɗaya bai ji ba, da Faransanci aka yi komai. A jirgin ƙasa, suna komawa Lyon, ya sunkuyo ya ce, "Wai ni, Ilya, mi ka ce musu ne?"

Tausayi da haushi suka taso wa Ilya tare. Wannan mutumin ne ya sayar da shanun kiwonsa ya kai shi lakwal, makarantar boko, a ce a kujerar jirgi zai ji abin da aka yi da su? Ya ce, "Ran Asabar za ka ji, Baba. Da Hausa, gaban jama'a."

Asabar ɗin ce taron ƙungiya na bayan Babbar Sallah, Lahadi kuma jirgin tsoho zai tashi. Ilya ya je gidan Alhaji Kamalu, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya sha shayi, ya ƙi tashi sai da aka ce to.

Ranar taro zauren da aka kama haya ya cika. Suna shiga, Saley ya hango Alhaji Kamalu, ya gane jinin gidan da ya fito. Nan take ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe!" Alhaji, wanda a shekaru Saley ya isa ya haife shi, ya ji nauyi, ya yi saurin ɗaga shi yana cewa, "Haba Baba Saley, nan Faransa ce." Amma tsoho bai koma kan takalman ba, ya samu kujerar ƙarshe ya zauna da safa. Duk a kan idon Ilya aka yi wannan.

Sai aka samu matsala. Ragunan da aka yanko daga mayanka ba su iso ba sai bayan la'asar, ga su guda-guda ba a sassara ba. Mata sun ɗora tukwane suna jira, zauren kuma da magariba za a karɓe makulli. Idanu suka juyo, kamar kullum.

Alhaji Kamalu ya matso. "Sarkin Fawa, sai haƙuri. Ka taimaka mana da naman nan. Konferans ɗin mu ɗaga shi zuwa wata mai zuwa, dakor?"

Ilya ya ce, "Alhaji, ka yi mini aikin gafara. Yau zan yi."

Ba a saba jin haka daga bakinsa ba. Can daga baya aka ji muryar Saley. "Ku ba ni wuƙar." Ya taso yana naɗe hannun babbar rigarsa bisa kafaɗa. "Kai je ka yi maganarka, yaro. Nama aikina ne." Ya nufi kicin.

Mutane suka sauke ajiyar zuciya, an samu mafita. Ilya kaɗai ya ga ba a samu ba. In tsoho ya shiga kicin ɗin nan, ta bango zai ji tafi, kamar yadda shi ya yi shekara da shekaru.

Ya ce, "Tsaya, Baba." Ya shiga kicin da kwat ɗinsa, ya kama teburin yankan nama, Husainatu ta kama ɗaya gefen, suka fito da shi suka girke gaban zaure, dab da inda zai tsaya. Aka shimfiɗa leda, aka ɗora rago. Sannan ya je bakin ƙofa ya ɗauko takalman, ya ajiye gaban ubansa. "Sa, Baba. Ƙasan da sanyi." Tsoho ya dubi Alhaji Kamalu, ya dubi ɗansa, ya sa.

Haka aka yi laccar, uba na sara, ɗa na bayani. Ya faɗi yadda masu sarautar Ingila ke farautar barewa a dajin da talaka bai isa ya ɗana tarko ba. Ya faɗi yadda ɗan kasuwar ulu kan sayi gona ya aurar da 'yarsa gidan masu ƙasa, don jikokinsa su manta da kasuwa. Wata Hajiya ta ce, "Wallahi kamar a garinmu!" aka fashe da dariya. Alhaji Kamalu da kansa ya ɗaga hannu ya tambaya a wane sahu za a sa kakansa, Ilya ya ce a na tsakiya, aka sake dariya har da shi.

Daga ƙarshe ya kawo labarin ɗan mahaucin da ya zama waziri. Tun da ya fara shi sarar ta tsaya. Da ya gama aka ce ko akwai mai tambaya, Saley ya ɗaga hannu, wuƙar na ciki.

"Shi wannan yaron, uban nashi ya ga ranar?"

Ilya ya ce, "Bai gani ba, Baba. Ya rasu tun kafin a san ɗan."

Tsoho ya jinjina kai. Ya goge ido da bayan hannu, don tafin duk kitse ne.

Ya ce, "Allah sarki. Ni na gani." Ya jawo cinyar rago ya ci gaba da aiki.