Ƙulli a Zuciyar Magdalina

Duk wanda ya saba sayen nama a Sabon Gari ta Minna, a shekarun da keke mai ƙafa uku ya fara yawa a gari, ya san Malam Badaru. Gajere ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Kakansa ne ya biyo jirgin ƙasa daga Kano yana sayar wa leburori tsire, ya ga wuri ya zauna. Fawa gado ce a gidansu, kuma tare da ita aka gadar masa da magana ɗaya: dabbar da aka yanka da sunan Allah ba a wulaƙanta ko tsoka guda a jikinta.

Don haka ba ya zubar da komai. Ƙashi na masu miya, fata ta majema, ƙaho ma akwai mai zuwa karɓa. Abu ɗaya ne ba ya sayuwa. Wani lokaci in an feɗe tunkiya ko saniya, sai a ga hanta ko huhu da wani farin ƙulli mai ruwa a ciki, kamar ƙwai marar ɓawo. Badaru ba ya ɗora irin wannan a tebur, don ba zai sayar wa mutum abin da shi ba zai ci ba. Jefa shi a bola kuma yana yi masa nauyi. Sai ya ƙunshe shi a leda, in ya taso da la'asar ya biya ta gidan Magdalina.

Magdalina mutuniyar Kudancin Kaduna ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Mijinta Ayuba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma ya sha zama da Badaru a benci ɗaya suna sauraren rediyo. Da Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da 'yarsu Kyauta mai ɗinki a unguwar Fadikpe, da ɗan lambun alayyafo da latas a bayan ɗaki, da wani jan kare mai suna Bar-su.

Badaru ba ya taɓa kare. Daga bakin ƙofa yake tsayawa ya tattare rigarsa ya yi sallama.

"Maman Kyauta, ga rabon mai gadinki."

"Kai, Sarkin Fawa! Ba ka so ya shinshini rigarka, amma duk unguwar nan kai ne ubansa."

"Alwalata nake tsaro. Yunwa kuwa ba ruwanta da alwala."

Sai ya zazzage ledar a ƙasa, Bar-su ya cinye yana kaɗa wutsiya. Haka aka yi shekara da shekaru. A zuciyar Badaru, wannan ne ɗan abin da yake iya yi wa iyalin abokinsa.

Wata damina Magdalina ta fara gajiya. Ban ruwan lambu kaɗan sai haki, ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora mata dutsen niƙa. A coci ta kasa jan waƙa zuwa ƙarshe, ita da ake jin muryarta har kan titi. Aka ce hawan jini ne, aka ce asma ce, aka sha magani, ƙafafu suka ci gaba da kumbura. Daga baya aka tura su wani babban asibiti a Abuja, inda aka ɗauki hoton zuciyarta.

Badaru ya je dubiya da lemo da farfesun da mai ɗakinsa ta yi. Yana zaune a gefen gado likita ya shigo, wani dogo mai sanyin murya da ake kira Dakta Tsado. Ya gaishe su da Hausa, sannan ya ce, "Mama, kina da kare a gida?"

"Akwai Bar-su."

"Yana shiga lambu? Yana lasar hannunki?"

"Ai tun rasuwar maigida shi ne abokin hirata."

Likita ya gyara zama ya yi musu bayani a hankali. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke zama a hanjin kare. Ƙwayayenta na fita a kashinsa, su maƙale a ganye ko a hannu, mutum ya haɗiye bai sani ba. A jikin mutum sai ta yi ƙulli mai ruwa, galibi a hanta ko huhu. Da wuya ƙwarai ta kai zuciya, amma ta Magdalina can ta je, ta zauna a jikin tantanin da ya lulluɓe zuciyar tana matse ta. Sai an buɗe ƙirji an cire, kuma a cire shi ɗungurungum, don in ya fashe a ciki rai na iya tafiya.

Kyauta ta ce, "Shi karen ina ya samo ta?"

"Daga ɗanyen kayan ciki mai irin wannan ƙullin. Hanta ko huhun tunkiya da saniya."

Ba wanda ya dubi Badaru. Shi kuwa ya zuba wa hannayensa ido, kamar yau ya fara ganinsu. Ya miƙe ya ce zai je salla, alhali lokaci bai yi ba, daga masallaci kuma ya wuce tasha.

Da ya koma Minna ya daina bi ta ƙofar Magdalina, ya riƙa zagayawa ta bayan layi. Bar-su ya gane, shi ma ya koma can yana jiransa, in ya hango shi ya kaɗa wutsiya, Badaru ya wuce da hannu biyu babu komai. Abinci ya ƙi shiga. A kowace sujada roƙonsa ɗaya ne, kada matar nan ta mutu ta sanadin abin da ya kai mata gida.

Ana haka sai ga Kyauta a gaban teburinsa, idanu sun faɗa.

"Baba, an sa ranar aiki, amma sun ce sai an tanadi jini. Nawa kaɗai ba ya isa. Kuma Mama ta ce in tambaye ka, wai fushi kake da ita?"

Ya ajiye wuƙa ya nufi mahauta, ya tsaya a tsakiyar 'yan'uwansa mahauta, shi da ba a san shi da jawabi ba, ya faɗa musu komai, har da ledar da yake kaiwa. Washegari suka cika ƙaramar bas zuwa Abuja don ba da jini. A asibiti Mudi, ƙaton da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yana ganin allura ya ce jiri yake ji, aka kwantar da shi ana yi masa fifita, sauran suna dariya har da riƙe ciki.

Bayan an ɗebi nasa, Badaru ya shiga wurin Magdalina. Ta rame, numfashi da ƙyar.

"Maman Kyauta, da hannuna na kawo miki ciwon nan. Ki yafe mini."

Ta dube shi ta ce, "Badaru, da Ayuba ya mutu, mutane sun zo mako guda suka watse. Kai ne kullum kake yi mini sallama. Ka ɗauka don hanta nake fitowa?" Ta huta, ta ƙara da cewa, "Je ka yi mini addu'a irin taku, ni ma ina yin tawa."

Ranar aikin, 'yan cocinsu suka zauna a benci suna addu'a a hankali, mahauta suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya suna jan carbi. Rana ta take, ta karkata. Dab da la'asar Dakta Tsado ya fito ya ce an cire ƙullin bai fashe ba. Badaru ya yi sujada a kan tsakuwa, ya daɗe bai ɗago ba.

Ta dawo gida da dogon tabo a ƙirji da maganin da za ta sha na watanni. Likitan dabbobi ya ba Bar-su maganin tsutsa, aka kewaye lambu da kara. Badaru da su Mudi suka haƙa rami a bayan mahauta, duk kayan cikin da aka ga ƙulli a jikinsa a can ake ƙona shi a binne. Ranar farko da ya jefa hanta a wuta ransa ya sosu, ya tuna maganar kakansa, amma ya yi bisimilla ya saki.

Da la'asar ya yi sallama a ƙofar Magdalina da leda a hannu. Bar-su ya taso da gudu.

"Wannan ba taka ba ce," in ji Badaru, yana tattare riga. "Maman Kyauta, lafiyayyiyar hanta ce, na duba ta ciki da bai. Ki dafa ki ci, ki mayar da jini."

Ta fito a hankali tana dafa bango. "Wane jini kuma? Ai yanzu jinin mahauta ne a jikina. Jiya na ga akuyar maƙwabta, sai na ji ina ƙiyasta nauyinta."

Badaru ya yi dariya, abin da aka daɗe ba a ji ba. Ta nuna masa bencin Ayuba, ya zauna. Da hantar ta dahu, ta gutsura kaɗan ta hura ta jefa wa Bar-su.