Kawu Sannu-Sannu da Allunan Bakin Hanya

Shekara uku Kawu Sannu-Sannu yana kai autata makaranta, ban taɓa jin ya wuce wata mota a hanya ba. Abin da ya jawo masa sunan ke nan. Motarsa ƙaramar bas ce mai cin yara goma sha huɗu, ƙofarta sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Shi kuwa dogo ne siriri, gemu ya fara furfura, kullum da tawul a kafaɗa.

Kafin motar yara, tirela ya tuƙa shekara ashirin da biyu, kuma ya ci fiye da rabinsu ko sunansa bai iya rubutawa ba. Hanya da ido yake gane ta, wannan gada, wancan gidan mai. Babbar 'yarsa ce ta koya masa karatu, tana aji uku, shi yana da shekara arba'in da ɗaya. Duk dawowarsa daga tafiya sai ta ɗora masa littafinta a cinya, ta kama yatsansa tana bi da shi layi-layi. In ya yi kuskure ta yi ta dariya har da kwanciya a ƙasa.

"Maman Auta," ya ce mini, "a wurin yarinyar nan na gane, ba abin da yaro yake so irin ya kama babba da kuskure."

Da ciwon baya ya matsa masa, ya ajiye tirela ya karɓi motar makaranta. Hanyar kuwa cike take da allunan masu shaguna, shi ma ba gudu yake yi ba, don haka kowane allo sai an gaisa da shi. Yana rage tafiya zai gyara murya.

"To jama'a, ga shi can an rubuta, ana gyaran ƙaya."

"Taya! Kawu, taya ce!"

"Wace irin taya kuma?"

"Ai da ta ya fara!"

"Au. To ku yi haƙuri da tsoho."

Shagon aski a bakinsa shagon iska ne, gidan haya kuwa gidan kaza. 'Yan ƙananan da ba su fara gane baƙi ba, su ma da nasu wasan. Ya ce wa zai ba shi abin da ya fara da ba? Sai mota ta ɗauka: baba, bargo, bante, bokiti. Ya ce mai bokiti ya adana kayansa, gobe za a neme shi.

Autata tana da shekara biyar lokacin, kuma magana ba ta dame ta ba. A gida nuni take yi da yatsa, a waje ko uffan. Mun kai ta likita, ya ce kunne lafiya, harshe lafiya, mu ba ta lokaci. Kujerar da ke bayan direba ta zaɓa. Kawu bai taɓa jefa mata tambaya a gaban yara ba. Kowace safiya dai zai ce, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?" Ta gyaɗa kai, ya ce madalla, ya ja mota. Haka suka yi wata huɗu.

Ran nan a hanyar dawowa, yaran baya suka kaure da rigima a kan gorar ruwa. Kawu ya zo daidai rumfar mai kifi, ya karanta, "Ana sayar da ɗanyen kofi." Ba wanda ya ji shi. Ya sake faɗa, rigimar dai ta ci gaba. Har ya sa giya zai wuce, sai ya ji wata 'yar murya a bayan kunnensa.

"Kifi ne."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Kin tabbata kuwa?"

"Kifi ne, Kawu. Ki, fi. Ga ma hotonsa nan."

A bakin ƙofa ya ba ni labarin, bayan ta shige gida, yana ta goge fuska da tawul wai zafi ake yi. Ni kuwa ban ɓoye nawa hawayen ba.

Daga ranar bakin Auta ya buɗe. Gwangwanin madara, kwalin sabulu, rigar yayanta, komai sai ta karanta shi da ƙarfi, ta kuma yi sharhi a kai. Babanta yakan ce wanda ya kunna rediyon nan ya taimaka ya zo ya nuna mana inda ake rage murya.

Da shekara ta zagayo, yaran suka kama kuskure na gaske. Allon wani tela an rubuta dinki, babu lanƙwasa a kan harafin farko. Suka dami Kawu da ihu sai da ya faka. Tela ya fito da tef a wuya, ya saurari ƙorafin mutum goma sha huɗu a lokaci guda, ya ce ya ji ya ɗauka. Bayan kwana biyu aka ga lanƙwasa da jan fenti, ta fi harafin kansa girma. Kullum suka zo wucewa sai sun tafa masa.

Bara idon Kawu ya fara hazo, da kansa ya kai wa shugabar makaranta makullin mota. Ta karɓa, amma ta ce ba ta sallame shi ba. Ta sa aka ajiye masa kujera a ajin 'yan ƙanana, Talata da Alhamis yana zuwa ya karanta musu labari da sabon tabarau. Makon jiya na je ɗaukar ɗan ƙanwata, na leƙa ta taga. Yara sun kewaye shi a kan tabarma, ya riƙe littafi a juye, samansa a ƙasa, yana yamutsa fuska.

"Wannan littafin naku ya lalace," in ji shi. "Duk awakin ciki tafiyar ƙafa a sama suke yi."

Yara wajen shida suka tashi a guje, kowa yana so ya zama shi zai juya masa littafin.