Ranar da Takardar Gwaji Ta Tona Ni a Bakura

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar wani suna a Bakura, ranar da na je tallar kayan wata na dawo da labarin kaina.

Tun da aka saki ruwan dam ɗin Bakolori cikin gonaki, tsargiya ta zauna mana. Ɗiyar ƙanena, wadda ta karanci ilimin cututtuka, ta yi shekaru a ɗakin gwaje-gwaje har ta fito da wata 'yar siririyar takarda: a tsoma a fitsari, in ta koma kore, sai asibiti. Ta yi rajistar kamfani, ta kai kaya kemis-kemis na Talata Mafara. Shiru. Ranar da ta zo gaishe ni, ta ce in suka lalace a katan, rufe kamfanin za ta yi.

Ni dillaliya ce, kuma lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, da furfurata. Na karɓi takardar bayanin, na bi ta da yatsa har ƙarshe. Sannan na ce, "Ke da digirinki, wace mace za ta tsaya gaban namiji ranar kasuwa ta ce a ba ta abin fitsari?"

Ta ce, "To Gwaggo, mi zan yi?"

Na ce, "Kawo nan. Ƙarƙashin atamfofi za su shiga gidaje."

A gidan sunan, bayan an ci tuwo, na baje kaya na karanta wa mata bayani da ƙarfi, ina taƙama. Wata tsohuwa ta ce, "Malama sabuwa, wanga abu kin gwada shi ko surutu ne?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki gwangwani na zaga bayi, na dawo da takarda a hannu don su ga yadda ta mai lafiya take. Kafin in buɗe baki, ta koma kore shar! Ashe wankin da nake yi a bakin kanal, magudanar ruwan dam ɗin, bai bar ni haka ba.

Tsakar gida ta kaure da shewa. Ni ma dariya na yi har na zauna a kan kayana. Na ce, "Kun gani? Ko gwaggon mai ita ba ta rufa wa asiri ba!" Kafin la'asar ko takarda ɗaya ba ta rage ba, matan Maradun da suka zo sunan har da saƙon a kai musu.

Washegari ɗiyar tawa ta kai ni asibiti da kanta, tana dariya tana share hawaye. Na sha magani na warke, kamfani kuma yana nan har yau.

Abin da na koya: ilimin da bai wuce zaure ya iske mata ba, bai gama tafiyarsa ba. Kuma tun ranar, ba na tallar abin da ban gwada a kaina ba, amma a gida, kafin in fito.