Mai Gyaran Takalmi a Ƙofar Sakatariya

Shekara ashirin da shida ya yi a gindin katangar sakatariyar ƙaramar hukuma, hagu da babbar ƙofa, yana gyaran takalmi. Kayan aikinsa ba su da yawa: akwatin katako, basilla, zare, gwangwanin gam, da wani ɗan benci da baƙi ke zama a kai. Kafin nan ya yi aiki a masana'antar takalma, a sashen ɗinki, har ranar da aka rufe ta. Yana da mata da 'ya'ya huɗu a lokacin, don haka bai tsaya jiran a sake buɗewa ba. Ya ɗauki akwati ya nemi inda ƙafafu suka fi yawa.

Sunan da aka san shi da shi Baba Ina-ne. Masu gadi ne suka laƙaba masa, domin duk wanda ya zo sakatariyar da takarda a hannu, wajensa yake fara tsayawa. Ina ne ake karɓar takardar haihuwa? Ina ne ofishin izinin rumfa? Shi kuwa ko kai ba ya ɗagawa daga ɗinkinsa. Sai ya ce a shiga gini na biyu, a hau bene, amma kada a hau sai da hoto biyu, kuma idan Laraba ce a koma gida, mai sa hannu yana zagaye. Matarsa takan tsokane shi cewa hukuma ta samu ma'aikaci kyauta, ko hular aiki ba ta ba shi ba.

Gaskiyar magana, ofishin yana wahalar da mutane. Takarda ɗaya sai ta kai mutum gine-gine uku. A nan a ba shi fom, a can a buga hatimi, a wani wurin a ce hotonsa ya yi ƙanƙanta. Wasu sai sun yi zuwa huɗu. Da yawa daga cikin masu kawo masa gyara, jiran mai sa hannu ne ya zaunar da su a bencinsa, suka ga gara su yi amfani da lokacin.

A shekararsa ta sittin da uku aka kawo sabuwar jami'ar tsare-tsare. An ba ta aikin gyara yadda ake ba da takardu, kuma ta ce ba za ta zauna a ofis ta tsara wa mutane abin da ba ta taɓa bin layinsa ba. Ta kira taron mazauna gari. Waɗanda suka zo su ne waɗanda suka saba zuwa kowane taro, shugabannin ƙungiyoyi da masu dogon jawabi, waɗanda ba su taɓa tsayawa a gaban taga ba domin a ofis ake kai musu takardunsu. An yi godiya, an yi addu'a, an watse, ba ta ƙaru da komai ba.

Tagar ofishinta tana kallon ƙofa. A nan ta lura cewa kusan kowa sai ya rusuna wajen tsohon nan kafin ya shigo. Wata safiya ta sauko, ta gaishe shi, ta nemi izinin zama a bencin. Ya ɗauka takalminta ne ya lalace, har ya miƙa hannu. Ta ce a'a, kallo kawai ta zo yi. Kafin azahar ta cika shafi uku da tambayoyin da aka yi masa.

"Baba, ina so ka zo zamanmu ranar Asabar," in ji ta.

"'Yata, ni ba na cikin kowace ƙungiya. Rubutuna ma sai ni kaɗai nake iya karanta shi."

"Ba rubutu nake nema ba. Abin da ka faɗa wa mutanen nan tun safe, shi za ka faɗa mana."

Ya ce zai yi tunani, wanda a wajensa yana nufin a'a. Matarsa ce ta juya shi. Ta ce shekara da shekaru yana cika mata kunne da yadda ya kamata a gyara ofishin nan, yau an ce ya zo ya faɗa wa masu iko, sai kuma ya noƙe. Ta wanke masa rigarsa mai kyau, ta goge, ta rataye a inda ba zai iya cewa bai gani ba.

Wannan karon jami'ar daga layi ta ɗebo mutanenta. Akwai wata mai sayar da kayan miya da ta zo da goyo, da wani direban babur mai ƙafa uku, da wani malamin makaranta mai ritaya da ke tafiya a keken guragu, da wasu kamar goma. Ta kuma sa babban akawu da ma'aikatan taga biyu suka zauna tare da su. Aka ture kujeru gefe, aka zana gine-ginen uku da alli a ƙasa, aka ce Baba ya nuna hanyar da mai neman takardar haihuwa yake bi. Ya tashi ya bi zanen, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo, ya sake komawa. A zagaye na biyar mutane suka fara dariya. Babban akawu bai yi ba.

Akawun ya ɗauka an kawo mai gyaran takalmi ne don a ci masa fuska, kuma bai ɓoye ba. Ya ce kowane mataki yana da dalilinsa. Baba bai yi musu da shi ba, sai ya roƙe shi ya faɗi dalilan ɗaya bayan ɗaya, domin shi ma ya daɗe yana son sani. A nan aka gano hatimin gini na uku an fara buga shi ne tun zamanin da wani sashe yake can, sashen kuwa an haɗe shi da wani shekara tara da suka wuce. Ma'aikaciyar taga ta ce ita ma ta gaji da zagin da take sha a kan hoton da ba ita ta ƙayyade girmansa ba. Daga ranar akawun ya fara sassautowa, ko da yake bai taɓa cewa an yi daidai ba.

Baba ma ya sha gyara. A zama na uku ya kawo shawarar da ya fi alfahari da ita, cewa a kafa babban allo a ƙofa, a rubuta komai dalla-dalla. Mai kayan miya ta gyara goyonta ta ce, "Baba, allon nan wa zai karanta mini shi? Da ina karatu ai da ban tsaya wajenka ba." Abin ya sosa masa rai, har ya kai ƙara wajen matarsa, ita kuma ta goyi bayan mai kayan miya. Mako na gaba da kansa ya ce a ajiye maganar allo a saurari mai kayan miyar. Aka tsaya a kan launi da hoto: layin kore a ƙasa mai hoton jariri ya kai mutum tagar haihuwa, shuɗi mai hoton rumfa ya kai shi tagar izini.

Zama shida suka yi. Ba duk abin da suka nema aka ba su ba. Sun so a riƙa buɗewa rabin ranar Asabar, aka ce babu isassun ma'aikata. Gangaren da malamin makaranta ya nema don kekensa sai bayan shekara guda aka gina, kuma ya yi tsayi, sai da aka fasa aka sake. Amma an dawo da tagogin duka ƙasan gini na farko, an soke hatimin nan, an ba wani mataimaki ikon sa hannu ranar Laraba. Takardar da ke cin zuwa huɗu ta koma ta wuni ɗaya.

Abin da ya biyo baya Baba ya hango shi tun suna zana gine-ginen da alli, bai dai faɗa wa kowa ba. Da jira ya ƙare, masu zama a bencinsa suka ragu. Mutum ya shiga ya fito cikin rabin awa, ba shi da lokacin cire takalmi. Jami'ar ta lura, ta yi ƙoƙarin a ɗauke shi mai yi wa baƙi jagora, sai dokar aiki ta ce shekarunsa sun wuce. Ta zo da kanta ta gaya masa, tana ta ba shi haƙuri. Ya ce kada ta damu, shi ma da an tambaye shi, ba zai so zaman da ba ɗinki a cikinsa ba.

Bayan wata biyar ya kwashe akwatinsa ya koma bakin tashar mota, kusa da mai faci. Ciniki ya fi na da, sai dai hayaƙi yana damun idonsa, har babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya, ta kai shi aka yanka masa tabarau. Yakan ce tun da ya sa shi ya gano ɗinkinsa na shekarun baya bai kai yadda yake zato ba.

Kwamitin mazauna bai watse ba. Duk wata uku suna zama, kuma yanzu maganar kwashe shara suke yi. Baba yana son motar shara ta riƙa zuwa da sassafe kafin a buɗe shaguna, direban babur ya ce a lokacin ne hanya ta fi cunkoso da 'yan makaranta, gara ta zo bayan sun wuce. Zama biyu ke nan ba su daidaita ba. An yanke cewa za a gwada kowanne na wata guda a unguwanni biyu, a dawo a ji daga bakin masu shara da masu shaguna. Baba ya roƙi a sa layin tasha cikin na gwajin, don ya gani da idonsa.