Tudun Duban Shamuwa

A shekarar babban farin nan, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, ina zaune a wani ƙauye na yankin Mayahi, inda aure ya kai ni daga Tasawa. Gidan namu akwai mijina, da ƙanwarsa da ƴaƴanta biyu, da ɗana na goye, sai kakar mijina, wadda kowa ke kira Kaka. Rumbu ya daɗe da komawa wurin ɓuyar yara. Anza, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci, muke jiƙawa mu ci, sai in motar soja ta zo da jar dawa, a bi layi a rana a samo abin da ba ya kwana uku.

Abu ɗaya ya rage a gidan, tulun irin gero na Kaka. Ta cakuɗa shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura shi ƙarƙashin gadonta. Ta ce daga hannun uwarta ta karɓi irin nan, kuma ba kowane irin gero ba ne, mai saurin nuna ne. Mijina yana son a fasa tulun yara su ci. Ita ta ce ba a taɓa shi sai an yi shuka. Kullum maganar ke nan, har ta kai ba sa haɗa ido.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da tambaya, tun ina lakwal, wato makarantar boko, ake dukana a kanta. Na lura kullum bayan la'asar Kaka na ɗaukar sandarta ta fita, ba ƙwarya, ba igiyar itace, ta dawo gab da magariba hannu wofi. Tsohuwar da ke cin anza, ina ta ga ƙarfin yawo? Na yi haƙuri na gaji, na tambaye ta.

Ta ce, “Ƴar birni, bakinki ya fi ƙafarki sauri. In kina son sani, goya ɗanki ki biyo ni. Dama idona ya fara yi mini gardama.”

Tudu biyu ne a bayan gari. Akwai farin tudun rairayi a gabas, ya fi tsawo amma da nisa, ƙafa kuma nutsewa take yi a cikinsa. Akwai na kudu, mai jajayen duwatsu, kusa, sai dai ƙarangiya ta yi masa yawa. Muka tsaya a mararraba tana auna su da ido kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. Ta ce da tana da kumari na gabas take hawa, amma mai yunwa ba ya faɗa da rairayi. Muka bi na kudu, tana gaba, ina baya ina tsintar ƙaya a tafin ƙafa, tana yi mini dariya.

Da muka kai bisa sai na manta da ƙayar. Wayyo, ashe haka ƙasa take da faɗi! Ni da na tashi tsakanin katangu ban taɓa ganin iyakar sama ta kowane gefe ba. Ga kwarin gulbi ya bushe, goriba ta jeru a cikinsa tana bin lanƙwasarsa. Ga gonaki fayau, babu ko kara. Can da nisa wasu tsaunuka ne shuɗi-shuɗi, na ce wace ƙasa ce waccan? Ta ce tamu ce, tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba. Na ce waɗancan fararen abubuwan fa a bakin rijiya? Ta ce ƙasusuwan shanu ne. Garinmu kuma ya koma kamar faifai an kife, har na gane tsamiyar ƙofar gidanmu.

Ta nuna mini yadda ake karanta gari daga can. Gidan da hayaƙi ya tashi, sun samu abin ɗorawa. Wanda bai tashi ba, sai dai Allah Ya kyauta. A ranar gida uku kawai na gani da hayaƙi.

Na ce, “To, Kaka, hayaƙin mutane kike zuwa kallo?”

Ta ce, “Tir da wannan baki. Juya kudu. Shamuwa nake jira.”

Sai na gane. Shamuwa ba ta zuwa ƙasarmu sai damina na bin ta a baya. In ta sauka ta fara ɗaukar tsinke, manomi ya gyara sungumin shuka. Kaka ta ce in ta ga ko guda ɗaya, za ta iya riƙe jikanta ya ƙara haƙuri har ruwa ya sauka. In ba ta gani ba, ba ta da abin da za ta ce masa, don shi ma ba mugu ba ne, kukan yara ne ya ishe shi.

Daga ranar na zama idonta. Kullum mu hau, ta zauna a dutse ɗaya, ni in tsaya in yi ta duban kudu har wuya ya ƙage. In na ce ga wani abu, ta ce yaya yake tafiya? In yana kewaye wuri ɗaya, ungulu ce, ta ga mushe. In yana kuka, hankaka ne. Ita shamuwa baƙa ce, cikinta fari, tana miƙe wuya gaba, ƙafafu baya. Ba na ɓoyewa, na ji daɗin hawan nan ƙwarai, duk da yunwar. Tambayoyina ma Kaka ta daina tsawata mini a kansu.

Wata rana da safe motar soja ba ta zo ba, alhali an ce za ta zo. Ƙaramar ƴar ƙanwar mijina ta kwanta, kukan ma ba ya fita. Mijina ya tsaya a kanta yana kallonta. Da la'asar ta yi muka hau kamar kullum.

Ban daɗe da tsayuwa ba na gan su. Ba su kewaye ba, ba su yi kuka ba, kai tsaye suke tahowa, rana na haska farin gashin cikinsu. Na ce, “Kaka! Ga su nan, wallahi su ne! Wuya gaba, ƙafa baya!” Tsohuwar nan ta miƙe ba sanda, ta rangaɗa guɗa da ƴar muryar da ta rage mata. Ta ce in bi su da ido in ga inda za su sauka. Na bi su har suka bi ta kan garinmu, suka karkata wajen tsamiyarmu. A nan na ga hayaƙi yana tashi daga gidanmu, mai kauri, irin na tukunyar tuwo.

Na tsaya ina kallon hayaƙin. Ta ce, “Ƴar birni ta yi shiru? Me kika gani?” Na faɗa mata. Ta koma ta zauna a kan dutsen, ta daɗe tana murza yatsunta. Ni har ga Allah ban san wanda zan ji wa haushi ba, tausayinsu su biyu ya kama ni. Can ta ce, “To. Yarinya za ta ci. Mu sauka.”

Mun iske tulun a fashe a bakin ɗaki. Mijina yana zaune a zaure, kansa a ƙasa, ta wuce shi ta shiga ciki. Aka kawo mata tuwo, ta ci loma biyu ta tura wa yara sauran.

Da gari ya waye, shamuwa na ta kai da kawo a kan tsamiya da tsinke a baki. Na fito na iske Kaka a durƙushe gindin turmi, tana lalube cikin rairayi inda tsaba ke tsalle in ana surfe. Ta ɗan tara a cikin murfin kwano, bai ko rufe gindinsa ba.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ajiye ɗan nan ki zo. Idonki ya fi nawa.”

Na durƙusa kusa da ita muka ci gaba da tsinta.